Yadda Unguwa Za Ta Tashi Tsaye Ta Hana Cin Zarafin Mata: Jagora Ga Mutanen Bauchi

Babu gidan da ake dukan mace a cikinsa a unguwanninmu da maƙwabta ba su sani ba. Katanga ɗaya ta raba mu, wani wurin ma zana ce ko langa-langa. Ana jin ƙarar mari, ana jin kukan yara, da asuba kuma a haɗu da mai gidan a masallaci a tambaye shi ya iyali, ya ce lafiya lau. Idan wani ya ɗago maganar a majalisa sai a ce masa tsakanin miji da mata sai Allah. Ita kuwa in ta yi yaji, kafin ta ajiye mayafi an ce mata ta yi haƙuri, aure ibada ne. Wannan shirun na maƙwabta da dangi shi ke ba mai duka ƙarfin gwiwa, kuma shi ne abin da mutanen unguwa ke da ikon canzawa ba tare da sun jira kowa daga Abuja ba.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko makamancinsa. Cikin waɗanda suka taɓa aure, kashi 36 sun gamu da duka, ko tilastawa a shimfiɗa, ko cin mutunci daga miji. Fiye da rabin waɗanda aka zalunta ba su taɓa neman taimako ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kashi 28 na mata sun ce miji yana da hujjar duka a kan abu irin ƙona abinci, gardama ko fita ba izini, alhali mazan da suka faɗi haka kashi 21 ne. Wato an daɗe ana gaya wa mata haka har suka karɓa.

Doka kam akwai ta. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ake kira VAPP, a 2015, jihar Bauchi kuma ta yi tata a 2020, shekarar da gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Sai dai doka ba ta jin kukan da ake yi ƙarfe ɗayan dare a Jahun ko Yelwan Tudu. Maƙwabci ne ke ji. A Kampala ta Uganda an gwada wani shiri mai suna SASA! wanda ya dogara kacokan ga mutanen unguwa, maza da mata, suna tattaunawa da 'yan'uwansu shekara da shekaru. Sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna dukan da mata ke sha daga mazajensu ya ragu da kusan rabi a unguwannin da aka yi aikin, idan aka kwatanta da inda ba a yi ba. Sun bi abin daki-daki: shiri tukuna, sannan wayar da kai, sannan tallafa wa masu son canji, sannan ɗaukar mataki. Matakan da ke ƙasa ma jerinsu yana da muhimmanci, kuma wanda ya tsallake na uku zai iya jawo wa matan da yake son taimako wata sabuwar wahala.

Mataki na farko: nemo mutanen da za a fara da su

Kada ku fara da taro. Ku fara da mutum takwas zuwa goma sha biyu, maza da mata kusan daidai, waɗanda unguwa ta riga ta saba kai musu kuka. Ungozoma, malamar Islamiyya, uwar adashi, mai kemis, na'ibin liman, shugaban 'yan acaba ko masu Keke na layin, malamin firamare, wani daga 'yan sintiri, da saurayi ɗaya ko biyu da samari ke jin maganarsu. Inda Musulmi da Kirista ke zaune tare, kamar Yelwa ko garuruwan Dass da Tafawa Ɓalewa, a sa shugabar Zumuntar Mata da dattijon coci tun ranar farko. In aka gayyato su daga baya za su ɗauka aikin wasu ne aka kira su rakiya.

Sharaɗi biyu ne ba a sassautawa. Mutum ya kasance mai riƙe sirri, kuma gidansa ya kasance lafiya. Kafin ku sa sunan namiji, ku sa matan cikinku su bincika a hankali yadda yake zaune da iyalinsa, domin mata sun san abin da maza ba su sani ba. Mai baki a majalisa wanda matarsa ke ɓoye fuska da mayafi zai kashe muku aiki cikin mako guda.

Watanni biyu ko uku na farko na kanku ne. Ku riƙa zama kuna tambayar juna abin da za ku tambayi jama'a gobe. Akwai laifin da ya cancanci mari? Hana kuɗin cefane don horo zalunci ne ko gyara? Budurwar da aka yi wa fyaɗe a ɗakin saurayi tana da laifi? Za ku sha mamakin amsoshin da za su fito daga bakin mutanen kirki. Gara su fito a tsakaninku a tattauna, da su fito ranar da wata ta zo da jini a fuska.

Mataki na biyu: ku saurara kafin ku yi magana

Kowace unguwa da irin ciwonta. Wata duka ne a gidan aure, wata korar mace da tsakar dare da riƙe mata kaya, wata yara 'yan talla ne ake yaudara a tasha da kangwaye, wata kuma 'yan sara-suka ne ke tare hanya bayan magariba. Ku raba kanku: mata su zauna da matan aure daban, da zawarawa daban, da 'yan mata daban, maza su zauna da magidanta da samari. Kada a haɗa amarya da uwar mijinta a zama ɗaya, ba za ta buɗe baki ba.

Kada a tambayi kowa ko mijinta yana dukanta. A tambaya a kan unguwa: idan aka daki mace a nan, ina take zuwa? Me ake ce mata? Wane wuri ne 'yan mata ke tsoron bi? Wane lokaci ne rigima ta fi yawa a gidaje? Sau da yawa za ku ji an ambaci ƙarshen wata, hidimar Sallah, lokacin da aka yi sabuwar amarya, ko gidan da maigida ke shan ƙwaya. Talauci da ƙwaya suna rura wutar, amma ku lura, mutumin da ke cewa ɓacin rai ne ya sa shi bai taɓa marin ogansa a wurin aiki ko ɗan sandan da ya tare shi a hanya ba. Yana zaɓen wanda zai daka, kuma yana zaɓen wadda ya san babu mai tambayarsa a kanta.

Ku zana taswirar unguwa a kwali, ku sa alama a kango, lungu mara fitila, hanyar famfo, injin niƙa, hanyar makarantar dare. Wannan zai yi amfani, amma kada ya ruɗe ku. Mafi yawan masu lalata yara ba baƙi ba ne. Maƙwabci ne, ko mai shago, ko ɗan'uwa, ko wanda aka ba amanar karatu.

Mataki na uku: ku share hanyar kai ɗauki kafin ku buɗe baki a bainar jama'a

Ranar da liman ya yi huɗuba a kan wannan magana, a cikin makon wata za ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗaya daga cikinku. Idan ba ku san inda za ku kai ta ba, kun tona mata asiri a banza, kuma sauran mata za su gani su koma shiru. Don haka ku taka da ƙafarku ku je wuraren nan tun babu wanda ya zo.

Ku je asibitin da ya fi kusa, ku san ma'aikaciyar da ke kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, ku tambaya ko suna da maganin kariya daga cutar ƙanjamau a ajiye, da inda suke turawa in babu. A cikin gari akwai Asibitin Ƙwararru da Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a ƙananan hukumomi akwai manyan asibitoci. Ku je ofishin 'yan sanda na yankinku ku nemi jami'in da ke kula da ƙarar mata da yara, ku karɓi lambarsa. Ku san ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, da Ma'aikatar Harkokin Mata, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali. Ku gaisa da Hisba da FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Duk ku rubuta a takarda guda, kowane ɗan kwamiti ya riƙe kwafi, a liƙa ɗaya a kemis.

Akwai lissafin da kowa a cikinku zai haddace kamar lambar wayarsa. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72 da faruwar fyaɗe, kuma ana shan sa kwana 28 ba fashi. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har zuwa awa 120, wato kwana 5, amma gwargwadon saurin shan sa gwargwadon amfaninsa. Kwana ukun farkon nan, wato awa 72, su ne dangi ke ɓatawa suna taron a rufa asiri. Asibiti ne farko, kafin mai unguwa, kafin 'yan sanda, kafin kowa. In da hali kada ta yi wanka ko a wanke kayan da ke jikinta. A naɗe su a takarda, kada a sa a leda, domin leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. In ta riga ta yi wanka, a tafi duk da haka. In kwanakin sun wuce ma a tafi, akwai sauran magani da gwaji. A nemi rahoton likita a adana shi.

Yadda za a karɓe ta ma sai an koya. Mace ce za ta saurare ta, a keɓe. Kalmar farko ita ce: "Sannu, na yarda da ke, ba laifinki ba ne." Babu "me ya kai ki", babu "me kika yi masa". Babbar mace ita ke da zaɓin abin da za a yi: a gaya mata hanyoyin da ke akwai da abin da kowace za ta iya jawowa, ta zaɓa, a raka ta. Yaro ko yarinya kuwa dole a kai maganar gaba, ko da iyaye suna jan ƙafa. Kada a sake ba da labarinta ko a cikin kwamiti sai ga wanda aikin ya shafa. Hoton yarinya da sunanta ba sa hawa Facebook ko WhatsApp da sunan neman adalci. Tausayin mutane na kwana biyu ne, hoton kuwa yana nan har ranar da za a zo neman aurenta.

Ku kuma tanadi gida biyu ko uku na dattawan mata inda wadda aka kora da dare za ta kwana, da ɗan asusu na kuɗin mota da katin asibiti.

Mataki na huɗu: gaisuwa wurin masu gari da malamai

A ƙasar Bauchi, Katagum, Misau, Ningi, Jama'are ko Dass, aikin da bai bi ta ƙofar mai unguwa ba ana yi masa kallon baƙo. Ku je wurinsa ku uku ko huɗu, da dattijo a gaba. Kada ku je da takarda mai tambarin wata ƙungiya, kada ku je da kalmomin taron bita. Ku je da abin da kuka ji a unguwarsa, ba tare da suna ba: "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne suka zo da kuka. A watannin nan an kori mata da dare a unguwar nan, an lalata yarinya, kuma duk a ƙofarka ake ƙarewa. Mun zo mu rage maka nauyi, in ka sa mana albarka." Shi zai kai ku wurin dagaci, dagaci ya kai ku wurin hakimi in buƙata ta taso. Ku roƙe shi abu ɗaya takamaimai: maganar fyaɗe in ta zo zaurensa, ya tura ta asibiti da hukuma, kada a sasanta ta.

Wurin malamai ne aikin zai tsaya ko ya faɗi. Da zarar an ce wannan shirin Turawa ne na raba aure, kun gama. Maganin wannan shi ne hujjar ta fito daga bakin limamin unguwa, daga littattafan da ya karanta. Ku je wurin kowane ɓangare, na Izala da na ɗariƙa, kada a ga kun jingina da ɗaya. Ku tambaya, kada ku koyar: "Allah gafarta Malam, me shari'a ta ce a kan wanda ya fasa wa matarsa baki?" Malam ya san aya ta 19 ta Suratun Nisa'i da ta ce a zauna da su da kyautatawa, da aya ta 231 ta Baƙara da ta hana riƙe mace don a cutar da ita. Ya san Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba, kuma ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Ya san lokacin da mata suka yi ta zuwa gidan Annabi da ƙarar mazajensu masu duka, ya ce waɗannan ba su ne zaɓaɓɓunku ba.

Za a kawo muku aya ta 34 ta Suratun Nisa'i, wadda ta ambaci dukan mace, babu makawa. Kada ku shiga gardama da kanku, ku bar wa malami. Malaman da suka yi bayaninta sun kewaye ta da sharuɗɗa masu tsauri: ban da fuska, ban da abin da zai yi rauni ko ya bar tabo, har an misalta shi da asuwaki, kuma sun ce barinsa ya fi. Abin da ake yi da bel da wayar wuta da taɓarya babu malamin da zai sa masa hannu. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, alƙali yana da ikon raba aure saboda cutarwa idan ta tabbata. Mata da yawa ba su san haka ba, suna ɗauka sai sun biya kuɗin hul'i sannan su tsira.

A coci ma haka. Fasto ya san Afisawa 5:25 da Kolosiyawa 3:19, inda aka umarci maza su ƙaunaci matansu, kada su yi musu tsanani. Abin da kuke nema wurin liman da fasto shi ne su faɗa a kan mumbari fiye da sau ɗaya, kuma su daina mayar da mace gida da kalmar haƙuri kaɗai ba tare da an kira mijin ba.

Mataki na biyar: a kai maganar inda maza ke zama

Gangami da riguna masu rubutu da jawabin manyan baƙi a ranar 25 ga Nuwamba, ranar yaƙi da cin zarafin mata ta duniya, ba laifi ba ne, amma ban taɓa ganin ya hana mari ba. Abin da ke canza namiji shi ne ra'ayin mazan da yake jin kunyarsu. Su kuwa suna majalisa, teburin mai shayi, gidan kallon ƙwallo, tashar acaba, rumfar kasuwar Wunti ko Muda Lawal, da dakalin ƙofar masallaci tsakanin magariba da lisha.

Kowane namiji a kwamiti ya ɗauki wurin da dama can yake zama. Ba wa'azi zai yi ba. Tambaya zai jefa ya koma gefe: "Wai don Allah, in ka aurar da 'yarka, ka ji mijin ya kumbura mata ido, me za ka yi?" Kowa zai ce sai inda ƙarfinsa ya ƙare. "To matar da ke gidanka 'yar wace ce?" Daga nan hira ta ɗauko. Kada a kama sunan kowa, kada a kunyata mutum a gaban abokansa, domin wanda aka tozarta a waje a gida yake hucewa. A bar masu adawa su yi magana. Mako mai zuwa a dawo da wata tambayar: kuɗin cefane, rabon kwana, sakin da ake yi cikin fushi, yaran da ke kallo. Yaron da ya tashi yana ganin ana dukan uwarsa ya fi shiga haɗarin maimaita abin a gidansa, wannan kuwa magana ce da ke taɓa magidanta fiye da batun ɗauri.

Ɗaurin ma a faɗe shi. A dokar tarayya ta 2015, dukan abokin aure yana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar da ta kai naira 200,000, korar mace daga gida da ƙarfi laifi ne, yin watsi da iyali ba ci ba sha laifi ne, fyaɗe kuma yana kaiwa ga ɗaurin rai da rai. Ku gayyato lauya ya zo ya karanta muku tanadin dokar jiha da Hausa, har da yadda ake neman kotu ta ba da umarnin kariya.

Wani gurbi da muka bari a buɗe shi ne ranar aure. Amarya tana shan nasiha daga inna da gwaggo har ta yi kuka: yi na yi, bari na bari. Ango kuwa abokai ne ke yi masa shaƙiyanci a mota. Ku roƙi liman ya mayar da shi al'ada, kamar yadda aka saba da kawo takardar gwajin jini, cewa kafin ɗaurin aure zai zauna da ango da waliyyinsa, ya gaya masa haƙƙin da zai ɗauka, kuma waliyyin amarya ya faɗa a gaban shaidu cewa ba a ba shi ita don duka ba. Magana ce ta minti goma, amma ango zai san akwai masu bibiya.

Mata su ma suna da nasu fagen: Islamiyya, gidan suna, adashi, layin awo. A can ne za a yi magana da iyayen miji, waɗanda sau da yawa su ke zuga ɗa ko su kashe wutar, da iyaye mata a kan talla. Kada a tsaya a cewa a daina talla, domin da ribar ake cin abinci a wasu gidajen. A fara da abin da zai yiwu: ban da bayan magariba, ban da shiga ɗaki ko shago kai kaya, a tafi biyu-biyu, kuma yarinya ta san in ta faɗi abin da aka yi mata ba za a dake ta ba.

Mataki na shida: abin da maƙwabci zai yi idan ya ji ihu

Bayan wata shida ko fiye, idan magana ta fara zama a bakin mutane, ku nemi mai unguwa ya tara jama'a a yi yarjejeniya a fili: a unguwar nan, in an ji ana duka za a buga ƙofa, kuma wanda aka buga wa kada ya ce an shiga masa gida. Amfanin yin ta a fili shi ne maƙwabci ya daina jin shi kaɗai ne mai shisshigi.

Buga ƙofar ma da dabara. Kada mutum ya je shi kaɗai. Maza biyu su yi sallama da ƙarfi su kira maigidan waje da wani dalili, mace ɗaya ta shiga wurin matar. Manufar daren ita ce a tsayar da dukan, shari'a sai gobe. In akwai wuƙa ko adda, ko mutumin a buge yake, a kira 'yan sintiri da 'yan sanda, kada a yi jarumta. Washegari dattijon da yake jin nauyinsa ya same shi a keɓe. Abin da za a ce masa shi ne "mun ji da kunnenmu". Ko da wasa kada a ce matarka ce ta kawo ƙara.

Sulhu yana da wurinsa, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ma ta ce a tayar da mai sasantawa daga danginsa da nata. Amma sulhun da muka saba, wanda ake tara su a zaure, ita tana rufe da fuska a gaban surukai, a ce kowa ya yi haƙuri, ba ya hana komai. A fara jin ta ita kaɗai. A tambaye ta ko tana son komawa. In za a yi biko, a yi shi da sharaɗi a rubuce, da shaidu, da wadda za ta riƙa leƙa ta duk mako, da abin da zai biyo baya in ya sake.

Akwai kuma inda ba a sulhu sam. Fyaɗe da lalata yara ba a sasanta su da kuɗi, ba a kuma rufe su da aurar da yarinya ga wanda ya lalata ta; wanda aka rufa wa asiri yau, gobe 'yar wani zai taɓa. Sannan akwai alamomin da ke nuna rai na cikin haɗari: ya taɓa shaƙe ta, ya yi barazanar kashe ta ko kashe kansa, ya ɗauko makami, yana dukanta da ciki, ko dukan yana ƙaruwa. Mace mai irin wannan hali ba a mayar da ita don a ce an gyara aure. Lokacin da take shirin tafiya da makonnin da ke biye su ne mafi haɗari, don haka a shirya fitar a asirce: takardunta, kayan yara, inda za ta sauka, da wanda zai raka ta.

Ku ja kunnen samari tun wuri a kan ɗaukar doka a hannu. Duka ko ƙona wanda ake zargi yana mayar da mai laifi abin tausayi, ya rusa shari'ar, ya kai 'yan kwamiti gidan yari.

Kuɗi, lokaci da masu ƙarfi

Aikin nan na shekaru ne, uku ko fiye. Ku tafiyar da shi da karo-karon da unguwa za ta iya, da ma'aji da littafi, a karanta lissafi duk wata. In wata ƙungiya ta kawo horo ku karɓa, amma ranar da aka fara biyan kuɗin zama, ranar da kuɗin ya tsaya zaman ma zai tsaya. 'Yan siyasa za su zo gab da zaɓe. A gaishe su da mutunci, a hana su hoton kwamiti.

Ku riƙe littafin da babu suna a ciki: wata, irin abin da ya faru, inda aka kai, yadda ta ƙare. A shekarar farko za ku ga ƙorafi ya ƙaru, wasu su ce kun lalata mata. Duka bai ƙaru ba, masu faɗa ne suka ƙaru. Duk shekara ku sake yin tambayoyin mataki na biyu, ku ga ko amsoshin sun motsa, kuma ku ƙirga yara nawa aka kai asibiti kafin awa 72 ta cika.

Jarrabawar gaske tana zuwa ranar da wanda ake zargi mai kuɗi ne, ko malami, ko ɗan gidan sarauta, ko ɗan kwamitinku. In naku ne, ya sauka nan take har a gama bincike. In mai ƙarfi ne, za a zo wa iyayen yarinya da kuɗi da magiya da barazana, sau da yawa a dare ɗaya. Kada ku bar su su kaɗai, kuma kada mutum ɗaya ya zama fuskar ƙarar. A sanar da lauya da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam tun ranar farko, a yi kwafin rahoton likita a ajiye a wuri biyu, a rubuta sunan jami'in da ya karɓi ƙara da ranar. Shari'a za ta yi ta samun ɗagewa, kuma a nan ne yawancin iyalai ke gajiya su janye, don haka a raba ranakun zaman kotu tsakanin 'yan kwamiti, mutum biyu kowane zama, kuɗin motarsu da na iyalin daga asusu.